Awo Ba Mudu

Ni dai tuƙi aka ɗauke ni,
dubu uku a dare, da shayi in ta tuna.
Lantana ce mai aikin, ɗalibar Samaru.
Ta zo da akwati ruwan ɗorawa
da wani ƙarfe kamar murfin tukunya,
ta ɗaure shi a gefen kwalekwalena da igiyar shanya.

Na ce, me za ki kama da murfi?
Ta ce, ba kamu na zo ba, Baba Jatau, awo ne.
Na ce, ina mudun?
Ta nuna kunnenta.

Bayan lisha muka bar gaɓa.
Kubanni ta kwanta luf,
fitilun makaranta na karkarwa a bayanmu,
sauro ya karɓi harajinsa.

Ƙarfen yana kira cikin ruwa, in ji ta,
da siririyar murya irin ta jemage,
wadda ta wuce kunnen ɗan Adam.
Ya kira, ya yi shiru, ya jira.
Duk mai jiki sai ya amsa.
Laka na amsawa da nauyi,
tarwaɗa kamar an ƙwanƙwasa ƙwarya,
su kuwa 'yan mitsi-mitsin nan
da goma ba su cika ƙwayar gero ba,
amsarsu kamar yayyafi bisa kwano
a unguwar da ba taka ba.
Jinkirin amsa ke gaya mata zurfi,
ƙarfinta ke gaya mata girma.

Kafin ta yarda da na'urar
sai ta zura ɗan ƙwallon ƙarfe a zaren ƙugiyata,
wanda ta riga ta san muryarsa,
don kada a yi mata algus.
Na ce, ashe ke ma kin ci kasuwar Sabon Gari.

Sannan na leƙa allon.
Wani koren gajimare ke tasowa daga ƙasa,
a hankali, kamar hayaƙin ɗanyen itace.
Kullum haka suke, in ji ta:
rana ta faɗi, su hau kiwo,
gari ya waye, su nutse don tsoron bakin karfasa.
Shekara talatin da ɗaya ina bisa ruwan nan,
ban san a kan garke nake tuƙi ba,
garken da ba sanda, ba makiyayi,
ba wanda ya taɓa kai ƙararsa wajen mai unguwa.

Ta buɗe littafinta, ta daɗe.
Bara ya fi haka kauri, ta ce,
amma kada ka ce na ce,
shekara biyu ba ta isa shaida ba.
Na yi shiru.
Taruna ya riga ta faɗa mini,
shi da ba ya karatu.

Wajen ƙarfe biyu batir ya mutu.
Ta ja tsaki, ta bubbuga akwatin,
allon ya yi baƙi kamar gindin tukunya.
Sai na yi abin da na ga ubana yana yi:
na tsoma filafili, na kara kansa a kunne.
Ga gurnanin tarwaɗa.
Ga injin gidan ruwa can nesa yana nishi.
Ga wani ƙas-ƙas da ban san mai shi ba.
Na miƙa mata.
Ta ture ɗankwali, ta saurara, ta rufe ido.
Wannan ba ya ba da lamba, ta ce.
Na ce, ba ya bayarwa.
Ba ta maido mini da shi ba
sai da ladanin Zango ya yi gyaran murya.

Da na zo alwala na kamfato ruwa,
na ɗaga tafina wajen hasken farko.
Ban ga komai ba.
Ruwa ne, kamar na jiya.
Duk da haka na sunkuya,
na mai da shi a hankali,
na ɗauko butata.